Laccar Masani a Kan Likitan Dabbobi

A jerin shagunan da ke kallon tashar bas, shago na huɗu na mai gyaran kayan lantarki ne. Fanka, rediyo, dutsen guga, duk yana gyarawa, kuma hannunsa ba laifi. Bakinsa ne matsalar. In ka kai masa fanka, kafin ya kwance noti ɗaya ya gama yi maka bayanin yadda iska take tafiya a sararin sama da dalilin da ya sa maza ke yin sanƙo. Da tsokana aka sa masa suna Masani, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, har ya rubuta a allon shagonsa da jan fenti.

Shago na biyar na Mai Littafi ne, wata mata mai tabarau, marar yawan magana, wadda ke sayar da littattafai tana kuma ba da haya. Shekara uku suna maƙwabtaka da Masani, shekara uku suna faɗa. Yau a kan shara, gobe a kan ƙarar rediyo, jibi a kan bencin da ke tsakanin ƙofofinsu, wanda kowannensu ke cewa ya fi karkata wajen ɗayan.

Duk Asabar da yamma matan unguwar ke taruwa a shagonta su tattauna littafin da suke karantawa, Matar Tela ce shugabarsu. A lokacin wani labari mai kashi uku suke kai, na wani likitan dabbobi da wata malamar makaranta. Likitan kullum cikin gatse yake yi wa malamar magana, amma duk inda ta je sai ga shi. Rabin matan suka ce sonta yake yi, rabi suka ce mugun hali ne kawai. Gardama ta yi zafi har ta ratsa bango, sai ga Masani a bakin ƙofa da sukudireba a bayan kunne.

Ya ce musu suna ɓata bakinsu ne a banza. Zuciyar ɗan Adam, in ji shi, ba ta da bambanci da rediyo, in ka buɗe bayanta komai a fili yake. Matar Tela ta tambaye shi ko ya karanta littafin. Ya ce irinsa ba ya bukatar karantawa, amma don cika ƙa'ida zai duba. Nan take ya yanke cewa Asabar ta sama zai gabatar da lacca a babban ɗakin da ke saman shagunan, maza da mata kowa ya zo, zai kwance musu likitan nan ɗaya bayan ɗaya. In laccar ta karɓu, zai raba shagonsa biyu: gefe guda gyaran fanka, gefe guda binciken zuciya.

Mai Littafi ta ɗauko kashi ukun ta ajiye masa a kan kanta.

"In na ga man inji ko ɗigo ɗaya a jiki, kai da shigowa shagon nan har abada," ta ce.

Ya ce dama can shagon nata ƙura ce ke damunsa. Amma sai da ya goge hannu a wando sau biyu kafin ya ɗauka.

Da kashi na uku ya fara, don a ganinsa gwani daga ƙarshe yake kama abu. Washegari da hantsi ya iske Tela a kan keken ɗinki, ya ja kujera, ya sanar da shi cewa ya gano bakin zaren. Malamar nan ba ta da lafiya, ciwo mai tsanani. Likitan yana zaune kusa da ita yana shafa mata wuya, yana roƙonta kada ta mutu ta bar shi. Abin da ya ɗaure masa kai kawai shi ne, duk da ilminta, kwana uku ta ƙi cin dusa, kuma da aka zo yi mata allura sai da ta harbi mutum biyu.

Tela, wanda matarsa ke ba shi labarin littafin kullum ko yana so ko ba ya so, ya tsayar da keke ya dube shi.

"Maƙwabci, goɗiya ce fa. Dokin mai gona ne."

Masani bai ko ƙifta ido ba. Ya ce gwada shi yake yi, ya ga ko mutanen layin nan suna karatu da lura. Kafin azahar labari ya kai har tashar bas, direbobi na tambayarsa ya jikin malama, ta fara taɓa ciyawa kuwa?

Bai karaya ba. Ya koma kashi na ɗaya, ya yi kwana biyu fankokin mutane na jibge babu mai taɓa su, ya fito da abin da ya kira dokar farko: duk wanda ke neman faɗa da ke kullum babu dalili, sonki yake yi bai sani ba. Doka kuwa sai an gwada ta. Ya duba layin ya ga Tela kullum sai ya yi cacar baki da Mai Lemo ta shago na biyu, saboda akwatunan kwalabe da take jerawa har bakin ƙofarsa. Sai ya tsaya a tsakiyar baranda, da murya kamar mai kiran fasinja, ya taya Tela murna, ya ce bincike ya nuna ya kamu da son Mai Lemo tun bara, ƙuruciyar zuciya ce ta hana shi ganewa.

Bai ga Matar Tela a bayansa ba, ɗauke da kwanon abincin rana.

Kwanon ya koma gida yadda ya zo. Mai Lemo ta fito ta wanke Masani tas, ta haɗa da allonsa da jan fentinsa. Tela ya koma kan kekensa. Sai dai akwai sabon wandon da Masani ya kai masa a rage tsayi saboda ranar lacca, kuma a ranar aka ga Tela ya ɗauko shi yana wasa almakashi a hankali.

Ranar Laraba wata mota mai sheƙi ta tsaya a ƙofar Mai Littafi. Dillalin da ke kawo mata littattafai ne, mutum mai sanyin murya da ƙamshin turare. Ya zauna a cikin shagon, aka jiyo dariyarta sau biyu. A shekara uku Masani bai taɓa jin ta yi dariya sau biyu a rana ɗaya ba.

Minti biyar sai ga shi ya shigo, wai ya ji ƙaurin waya daga bangonta. Ya duba soket, lafiya lau. Ya fita. Ya dawo ya ce wa dillalin ya ɗan matsa, irin wannan turaren yana kama wuta kusa da lantarki. Ya fita. Karo na uku ya dawo da tsani, ya kafa shi daidai tsakanin kujerunsu, ya hau yana kwance ƙwan fitila da tsakar rana. Daga saman tsanin ya ji dillalin na cewa akwai babban shago a ɗaya gefen gari, kusa da jami'a, in tana so ƙarshen wata ta koma, shi zai tsaya mata a kan komai.

Sukudireba ta zame ta haɗa wayoyi biyu da bai kamata su gaisa ba. Aka ji tas, wuta ta ɗauke a layin gaba ɗaya. Keken Tela ya tsaya a tsakiyar ɗinki, firjin Mai Lemo ya yi shiru, mai aski na shago na bakwai ya fito da mutum a bayansa, rabin kai a aske. Duk suka taru a ƙofar suna kallon Masani a kan tsani, gashin girarsa ɗaya ya ƙone.

Ya ce musu su gode Allah, da bai gano matsalar da wuri ba da tuni layin ya zama toka.

Da dillalin ya tafi, Mai Littafi ta riƙe masa tsanin ya sauko. Ta ce masa tana duba maganar komawar, in ta tafi benci ya zama nasa shi kaɗai, ya kwanta a kai in ya ga dama. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, dama ya gaji da ƙura. Ya koma shago ya haɗa fankar wata tsohuwa a juye, ta dinga zuƙe iskar ɗaki maimakon ta ba da ita.

Ranar Alhamis yayarsa ta biyo. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ita kaɗai ce in ta dube shi yake rage murya. Ta tarar da abincin da ta aiko jiya a rufe, shi kuma ya yi zuru-zuru. Ya ce hayaƙin dalma ne ke toshe masa ciki, sannan aikin laccar ya yi yawa. Ta ce to ya ba ta labarin likitan nan da ake ta magana.

Nan ya farfaɗo. Ya ce mutumin nan yaro ne a cikin rigar manya. Yana son mace, amma da yake bai san sunan abin da ke damunsa ba, sai ya mai da shi faɗa. In wani namiji ya zo kusa da ita sai ya rikice ya yi ta shirme, yana kawo dalilan da ko ɗan goye ba zai yarda da su ba. Aka ce za a mai da ita wata makaranta, maimakon ya ce kada ta tafi sai ya ce ta gaida mutanen can. Kowa a garin ya sani sai shi.

"Wallahi Yaya, in na ga irin mutanen nan tausayi suke ba ni," ya ce.

Yaya ta daɗe tana kallon girarsa da ta ƙone. Daga ƙarshe ta ce ya ajiye mata kujera a sahun gaba.

Ranar Asabar ɗakin sama ya cika har ƙofa. Labarin goɗiya da na ɗauke wuta sun yi masa talla fiye da takardun da ya manna. Ga matan karatu da littattafansu a cinya, ga direbobi, ga mai aski, ga Tela can nesa da Mai Lemo kamar an auna da tef. Mai Littafi ta zauna a sahu na uku. Masani ya shigo a makare, don sai da ya sa sabon wandon ya ga ƙafar dama ta tsaya a ƙauri, ta hagu tana jan ƙasa. Ya ce wa masu dariya sabon yayi ne, bai iso nan ba tukuna.

Ya haɗa lasifika da kansa. Ya zana zuciya a allo, wani direba ya tambaya ko dankali ne. Ya share ya sake zanawa, ta fi kama da dankali.

Amma da ya fara magana, gaskiya ya burge. Ya kawo wurin da likitan ya ce wa malamar rubutunta kamar tafiyar kaza, alhali ya adana takardar a aljihu. Ya kawo wurin da ya raka ta a ruwan sama yana mita tun daga farko har ƙarshe. Mata suka fara gyaɗa kai. Matar Tela ma, duk da haushinsa da take ji, ta ce wannan haka yake. Masani ya ji kansa ya yi girma, ya ajiye takardunsa, ya ce daga nan ba ya bukatar dubawa.

Ya ce su tuna ranar da likitan ya gyara mata fanka sau uku a wata ɗaya, alhali fankar lafiyarta ƙalau.

Matar Tela ta ɗaga hannu ta tambayi shafi na nawa. Ya ce kashi na biyu ne, wajen tsakiya, kada a katse shi. Aka ji ƙarar buɗe shafuka.

Ya ci gaba. Ya ce su dubi lokacin da mura ta kwantar da ita kwana huɗu ba ta buɗe shago ba, likitan ya dinga share mata ƙofa kowace safiya, da ta dawo ya ce iska ce ta kwashe sharar. Wannan in ba ƙuruciya ba mene ne?

"Malama ba ta da shago," in ji wata daga baya.

Ya ce aji yake nufi, ƙofar aji. Ya goge zufa. Maimakon ya koma kan takarda, sai ya ƙara wuta. Ya ce babbar shaida ita ce yadda likitan ya haddace ta kamar karatu. Ya san ba ta shan shayi da sukari. Ya san in littafi ya yi mata daɗi tana motsa leɓe ba ta sani ba. Ya san takunta tun daga tashar bas. Ya san in ranta ya ɓaci ba ta ɗaga murya, sai dai ta sa ɗan yatsa ta tura tabarau sama. Mutum ya san duk wannan, ya ce wai ba so ba ne, haushi ne?

Matar Tela ta rufe littafinta a hankali.

"Masani, na karanta labarin nan sau biyu. Malama ba ta sa tabarau."

Kai ɗaya ya juya, sannan biyu, sannan duka, zuwa sahu na uku, inda Mai Littafi ke zaune da ɗan yatsa a kan tabarau, ta tura shi rabi ta tsaya.

Tela ne ya fara. Dariyar kwana biyar da ya tara ta ƙwace masa har ya zamo daga kujera. Direbobi suka ɗauka, mai aski na dukan bango. Masani ya ce a saurara, kuskuren ɗab'i ne, nasa kwafin daban yake. Mai Lemo ta tuna masa cewa kwafin Mai Littafi ne a hannunsa. Ya ce to misali ne, masana suna kawo misali daga waje. Ya ja da baya don ya nuna zanen, doguwar ƙafar wandon ta naɗe wayar makirufo, ya yi taga-taga ya rungumi allo, allon ya rungume shi, suka tafi ƙasa tare. Lasifika ta saki wata ƙara da ta sa karnukan tasha haushi.

Yaya ta taso ta ɗaga allon daga kansa, ta karkaɗe masa alli a kafaɗa, ta ce cikin natsuwa, yadda kowa zai ji, "Auta, tun bara nake jiran ka gane. Na ɗauka sai na tsufa."

Da dariya ta lafa, Mai Littafi ta miƙe. Fuskarta ba yabo ba fallasa.

"Ina da tambaya ga mai lacca," ta ce. "A bincikenka, me ya kamata likitan ya yi?"

Masani na zaune a ƙasa, makirufo a hannu. Ya ce ai abu ne mai sauƙi, likitan ya buɗe baki kawai ya faɗa mata.

"To."

Ya dubi rufi, ya dubi ƙofa, ya tarar Yaya ta riga ta tsaya a wurin. Ya yi gyaran murya. Ya ce idan aka tattara alamomin da suka bayyana, aka auna su da ma'aunin ilmi, ba za a kore yiwuwar cewa wataƙila akwai wani abu mai kama da abin da ake zato ba.

"Wataƙila," ta maimaita. "Sai ka koma ka ƙarasa binciken. Saura kwana tara wata ya ƙare."

Ta zo gaba ta tattara littattafanta uku, ta duba bangon kowanne, ta sauka.

Kwana takwas Masani bai zauna a benci ba. Ta ƙofar baya yake shiga shago. In ya ji takunta sai ya cusa kai cikin wani tsohon talabijin. Masu wucewa suka daina kawo gyara, sai tambaya: wani ya ce akuyarsa na hararar sa kullum, ko so ne? Shi kuwa yana ciki yana rubutu. Ya cika shafi shida, ya yaga, ya cika takwas.

Ranar ta tara da safe motar ɗaukar kaya ta dillalin ta tsaya a ƙofar shago na biyar. Mai Littafi ta fara fito da kwalaye ɗaurarru tana jerawa a baranda. Layin gaba ɗaya ya bar aiki. Sai ga Masani ya fito ta ƙofar gaba, takardu a hannu. Ya tsaya a gabanta ya buɗe shafin farko, ya tarar zufar tafinsa ta narkar da tawadar. Ya juya na biyu, ya ga lissafin kayan gyaran firji ne. Ya naɗe takardun ya cusa a aljihu.

"Kada ki tafi," ya ce. "Ina sonki."

"Na ji," ta ce. "Tunda kana tsaye, ɗauki wannan kwalin."

Ya ɗauka. Ya kai mota, ya dawo ta nuna masa wani. Kwali goma sha biyu ya loda, idonsa ja wur, yana jan hanci yana cewa ƙurar takarda ce. Direban ya rufe bayan mota, ya tayar, ya tafi. Masani ya tsaya yana kallon hayaƙinta har ta sha kwana, sannan ya juyo ya ga Mai Littafi zaune a kujerarta, kantocin shagon cike da littattafai kamar kullum.

Ta ce waɗanda ba su sayu ba ne ta mayar, kamar yadda take yi duk wata uku. Maganar shagon jami'a kuwa tun ranar da aka kawo ta ta ce ba ta so, yana kan tsani yana ƙona gira shi ya sa bai ji ba. Ta ce ya je ya wanke fuska, kuma ya nemi wando mai ƙafafu daidai, don Yaya ta riga ta yi magana da mahaifiyarta, gobe da yamma ana jiransu a gida.

Kafin la'asar Masani ya dawo cikin hayyacinsa. Ya ja kujera gaban keken Tela, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya bayyana masa cewa duk abin nan shiri ne. Laccar, faɗuwar, har da ɗauke wutar, duk dabara ce ya tsara don Mai Littafi ta gane abin da ke zuciyarta, domin ita ce mai ƙuruciyar zuciyar, baiwar Allah, shekara uku tana fama ba ta sani ba. Yana cikin ƙirga hujjoji a yatsu sai aka jiyo gyaran murya daga shago na biyar, sau ɗaya, a hankali.

Masani ya sauke ƙafa ya miƙe.

"Maƙwabci, mu bar maganar nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ka auna ni. Da tef wannan karon."